Tukunyar dare da kiran "a ci na gida"

Duk ranar da buhun shinkafa ya yi tsada a kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sai a ji manya a gidan rediyo suna kira ga ƴan ƙasa da su koma ga cimakar gida. Kiran yana da daɗin ji. Amma wadda nauyinsa ke faɗa wa ita ce uwargida, bayan la'asar, a gaban murhu, da kuɗin cefanen da bai ƙaru da ko dala ba. Ita ce za ta nemo sabuwar dabarar girki, ita ce kuma za ta sha tsegumi in tukunya ta ƙi.

Wannan kira ba baƙo ba ne. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada a lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi. A shekarar 2005 harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa fulawa, madara da sukari ya fito da jama'a kan titi, har aka rufe kasuwanni. A 2022 yaƙin Rasha da Ukraine ya ɗaga farashin alkama. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano wadda shinkafar waje ke biyowa. Kowane karo matan birni sun shiga gwaje-gwaje a madafa, kuma kowane karo, da farashi ya ɗan sauka, aka koma ga shinkafa da taliya. Ya kamata a tambayi dalili.

Wasu gwaje-gwajen sun karɓu. Dambun gero ko na tsakin masara da tamakka da ƙuli-ƙuli ya samu gurbi a gidajen ma'aikata, har ya zama abin fita kunya gaban baƙo. Beruwar Dogon Dutsi, wadda ake murzawa daga garin wake a turara a shanya, ta shiga birane saboda tana ajiyuwa kuma ba ta cin wuta kamar tsabar wake. Ɗanwake da wasa-wasa, waɗanda a da ake yi wa kallon abincin talla, sun hau faranti da dare a gidaje da dama.

Wasu kuma sun watse. Matar da ta cuɗa garin gero da yawa cikin fulawa don fanke ko burodi ta tarar ƙullun ya ƙi tashi, domin gero ba shi da danƙon da ke riƙe iska cikin ƙullun alkama. Wadda ta niƙa tiya biyar ta ajiye don sauƙin aiki ta iske garin ya soma ɗaci bayan ƴan kwanaki, saboda man da ke cikin ƙwayar gero ba ya jure ajiya da zarar an niƙa. Wadda ta dafa tsakin dawa a madadin shinkafa da miyar tumatir ta ga yara sun tsakura sun ture kwano. A gidan da ake auna abinci da tiya, kwanon da aka ture asara ce ta gaske: kuɗin itace ya tafi, mai ya tafi, yara sun kwana da guntun ciki, maigida kuma ya sa takalmi ya nufi wurin mai shayi ko mai tsire. Matar da ta gamu da haka sau biyu ba za ta yi na uku ba, kuma babu mai adalcin da zai zarge ta.

Gaskiyar magana ita ce shinkafa ta ci birni ne da saurin dahuwa. A wanke, a zuba, kafin rabin awa ta nuna. Tuwon gero kuwa sai an surfa, an sheƙe dusa, an wanke, an kai injin niƙa, an tankaɗe, sannan a yi ruɗe a tuƙa. A karkara, inda ake da turmi da hannuwa da yawa, wannan aiki yana rabuwa. A gidan haya na birni, inda uwargida ke koyarwa a makaranta, ko aiki a asibiti, ko zaman shago har yamma, wa zai yi shi? Wanda bai taɓa riƙe muciya ba shi ne ya fi saurin cewa matan zamani sun yi ƙiwa.

Abin takaicin shi ne ƙasar ba ta rasa abin dafawa ba. Nijar tana cikin manyan masu noman gero a duniya, kuma a noman wake Najeriya kaɗai ke gabanta. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana aiki tun 1975, ga ta ICRISAT a Sadore, inda aikin masana ya kai ga fitar da irin geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a 2018. Buhun PICS mai ruɓi uku ya rage ɓarnar da ƙwari ke yi wa wake a ajiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Ƙoƙarin da aka yi a gona da rumbu yana da yawa. Tsakanin rumbu da tukunya ne aka bar wa mata aikin su kaɗai.

Akwai ƙungiyoyin mata a Yamai da Damagaram da ke sarrafa gero, dawa da wake su zuba a leda, amma jarinsu ƙarami ne, kayansu kan fi shinkafar waje tsada, kuma ba a samun su a kowane shagon unguwa. Nan ne ƴan kasuwa ke da abin yi. Alhajin da ke iya sauke tirela goma ta shinkafar Indiya ko Tailan yana da ƙarfin kafa injin surfe, niƙa da busarwa a Maraɗi, ya fitar da tsaki da gari masu tsabta, marasa tsakuwa, masu awo ɗaya kullum. Ribar ba za ta zo da sauri kamar ta fito da kaya ba, amma kasuwa ce da rufe iyaka ba ya kashewa.

Hukuma ma tana da nata rabo. Ita ce babbar mai saye a ƙasa: barikokin soja, asibitoci, gidajen kaso, makarantun kwana da jami'o'i duk daga baitulmali ake ciyar da su. Da za a wajabta wa waɗannan wurare sayen wani kaso na beruwa, tsaki da garin gida daga masu sarrafawa, da masu injin sun samu tabbacin ciniki, farashi ya sauko, baki kuma ya saba tun daga ƙuruciya. Jami'in da ya gama jawabin "a ci na gida" sannan aka ciyar da mahalarta taron da shinkafar waje ya rushe jawabinsa da kansa.

Sauran magana tana wurin maigida. In yana son sabon girki mai rahusa, sai ya yarda cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwaji yana da kuɗinsa. Ya ƙara ɗan abin cefane ranar da za a gwada, ya zauna ya ci tare da yara, ya faɗi gyara cikin mutunci. Yaro yana kallon hannun ubansa kafin ya sa nasa a kwano.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsadar shinkafa ta zo a 1994, ta dawo a 2008, ta sake dawowa a 2023, kuma babu mai tabbacin ba za ta ƙara zuwa ba. Lokacin kafa inji, tsara saye da koyon sabon girki shi ne lokacin da kasuwa ke kwance, tun uwargida tana da sararin da za ta gwada, ta gyara, ba tare da kowa ya kwana da yunwa ba.