Wasan harbi a kan kiɗa: 'Yan wasa sun faɗi ra'ayinsu, saura mu masu ganga

A watan Satumban 2020 wani ƙaramin kamfani a Birtaniya mai suna Awe Interactive ya fitar da wasan bidiyo da ya kira BPM: Bullets Per Minute. Wasan harbi ne irin wanda matasa suka saba gani, sai dai yana da sharaɗi guda: komai sai a kan kiɗa. In za ka harba, sai daidai lokacin da bugun ya faɗi. In za ka ɗura harsashi ko ka kauce wa hari, haka. Ka saɓa wa bugun, bindiga ta ƙi tashi, dodo ya cim maka, ka koma farko.

Shekara biyu bayan haka, a Satumban 2022, kamfanin The Outsiders na ƙasar Suwidin ya fitar da Metal: Hellsinger, wanda ya bi wannan hanyar amma ya sassauta. A nan ko ka saɓa wa kiɗan bindiga za ta tashi, ƙarfin harbin ne kawai zai ragu. In kuwa kana dacewa da bugun, makinka na ninkuwa har sau 16, kuma kiɗan na ƙara cika. Muryar mawaƙi ba ta shigowa sai ka kai wannan matakin. Cikin waɗanda suka yi waƙoƙin har da Serj Tankian na ƙungiyar System of a Down.

Waɗannan wasanni ba na waya ba ne. Sai da kwamfuta mai ɗan ƙarfi ko na'ura irin su PlayStation da Xbox. Shi ya sa saurayin da ke Tchaké ko Mayahi ko Tasawa, wanda wayarsa ce gidan kallonsa kuma ita ce gidan wasansa, da wuya ya taɓa cin karo da su. Duk da haka ina ganin abin da 'yan wasan suka rubuta a kansu ya shafe mu, domin darasi ne kyauta ga duk wanda ke tunanin ƙirƙirar wasa da kiɗanmu.

A kasuwar wasanni ta Steam, duk wanda ya sayi wasa yana iya rubuta ra'ayinsa, kuma ana nuna awa nawa ya yi yana bugawa. Wanda bai kai awa 2 ba yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14. Saboda haka ƙaramin kamfani ba shi da wurin ɓuya. Ba shi da kuɗin talla irin na manya, bakin 'yan wasa ne tallarsa, kuma shi ne zai iya kashe masa kasuwa.

Abin da aka fi yabawa a wasannin biyu abu ɗaya ne: lokacin da hannu ya kama kiɗan, mutum ya daina ƙirge, jikinsa ya ɗauka. Masu buga Metal: Hellsinger sun fi nanata daɗin da suke ji sa'ad da muryar mawaƙi ta shigo, domin sun san guminsu ne ya jawo ta. Ƙorafi kuma ya bambanta. BPM an soke shi a kan launinsa mai kaifi da ke gajiyar da ido, da tsananin wahalarsa ga sabon shiga, da yadda sa'a ke taka rawa wajen irin makamin da mutum zai samu. Metal: Hellsinger kuma an ce ya yi gajarta, manyan abokan gaban da ke ƙarshen kowane mataki sun yi kama da juna. Akwai kuma ƙorafin da ya haɗa su: in sauti ya makara ko da ƙiftawar ido ne tsakanin na'ura da kunne, wasan ya lalace.

To, duk wanda ya tashi a ƙauyukan jihar Maradi ya san wannan daɗin da Turawa ke yabo, ya san shi tun kafin a ƙera PlayStation. A gayya, makaɗin noma na tafe da gangarsa bayan manoma, hauya na sauka a kan bugu, wanda ya saɓa sai ya ga an bar shi a baya. Wanda ya yi zarra kuwa makaɗi ya juya kansa, ya kama takensa, ya yi masa kirari da sunan ubansa da kakansa. Wannan zugar ita ce ladan da masu Metal: Hellsinger suka gina da lissafin kwamfuta: yi ƙoƙari, murya ta shigo. Mata masu lugude su biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na shiga tana fita ba ta karo da 'yar'uwarta, ana cilla ta sama a tafa a cafe, su ma wasan kiɗa suke yi mai ƙa'ida da hukunci. Haka dambe da kalangunsa, haka kokowa, wadda tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tahoua a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, ba a raba ta da makaɗa.

Muna ma da abin da su ba su da shi. Kalangu yana magana, saboda Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma ganga na iya kwaikwayonsu. A wasan Turawa ladan ƙwazo waƙa ce da aka yi wa kowa. A namu ana iya sa ganga ta kaɗa taken ɗan wasan, ko na garinsu, ko na sana'ar gidansu. Ɗan Tasawa da ke aikin gini a Aljeriya ko yake talla a Abidjan, ya ji wayarsa na kaɗa taken da ya sani tun yana yaro saboda ya ci wani mataki, ba sai an roƙe shi ya tura wa abokinsa ba.

A nawa ra'ayin, abin ɗauka a waɗannan wasanni shi ne dabarar ɗaure aiki da bugu. Bindigar da aljanun a bar musu. Metal: Hellsinger labarinsa a cikin wuta yake, tsakanin shaiɗanu, BPM kuma ya ɗauko nasa daga tatsuniyoyin allolin mutanen arewacin Turai. Babu uban da zai ga wannan a hannun ɗansa a Mayahi ya yi shiru. Batun bindiga ma ya fi haka nauyi. A kudancin jihar Maradi, yankunan Madarounfa da Guidan Roumdji sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sokoto da Katsina sun tsallako tun 2019. Ba ina cewa wasan waya ne ke mayar da yaro ɗan ta'adda ba. Ina cewa wanda zai ƙirƙiri wasa don mutanen da suka san ƙarar bindiga ta gaske ya kamata ya nemi wani abin da zai sa a hannun jaruminsa. Hauya na nan, taɓarya na nan, akwai damtsen ɗan dambe, akwai guduma da uwar maƙera.

Wani zai ce matasa harbi suke so, shi ya sa Free Fire da PUBG suka cika wayoyi. Gaskiya ne, amma ra'ayoyin masu BPM sun nuna cewa abin da ya riƙe su shi ne dacewa da kiɗan, domin wasannin harbin da suka fi shi kyan hoto sun cika kasuwa. Wasan Crypt of the NecroDancer, na wani ƙaramin kamfani a Kanada, ya fito a 2015 da hoto mai sauƙi irin na wasannin da, tafiya da sara duk a kan bugu. Ya karɓu har kamfanin Nintendo ya ba su damar yin irinsa da jaruman Zelda, aka sami Cadence of Hyrule a 2019. Kiɗan ne ya kai su can.

Ƙorafin 'yan wasan kuma shi ne jerin ramukan da za a kauce wa. Na farko makarar sauti. In kiɗa na bugu 120 a minti ɗaya, rabin daƙiƙa ne tsakanin bugu da bugu. Abin jin sauti na Bluetooth mai araha, irin wanda ya cika kasuwanninmu, yakan jinkirta sauti, haka ma ƙananan wayoyin Android. Ɗan wasa zai taɓa allo daidai yadda kunnensa ya ji, wasan ya ce ya makara, ya yi fushi ya goge. Dole a sa wurin daidaita sauti tun a shafin farko, a kuma gwada wasan a kan wayar da talaka ke riƙewa. Na biyu wahala. Masu waɗannan wasanni sun tanadi hanyoyin sassauta wa wanda kunnensa bai kama bugu da wuri ba, kuma duk mai son a buga wasansa a majalisar shayi sai ya yi haka. Na uku namu ne mu kaɗai: wasan ya zama mara nauyi, ya yi aiki ba tare da intanet ba, a iya tura shi daga waya zuwa waya, kada ya cinye cajin da aka biya kuɗi aka yi a shagon mai sola.

Akwai matsala guda da sai an zauna da makaɗa kafin a warware. Makaɗin gargajiya ba ya tafiya da agogo. Yana ƙara sauri in fage ya yi zafi, yana ja baya in ya ga an gaji. Kwamfuta kuwa tana son sanin inda kowane bugu zai faɗi. Ko dai a ɗauki kiɗan kamar yadda yake a bi shi a sa alama a kan kowane bugu, ko a ɗauki kowace ganga daban a kan ma'auni ɗaya sannan a jera su hawa-hawa. Aiki ne na haƙuri, amma ba ya buƙatar miliyoyi.

A nan ne batun haƙƙi ya shigo. Mun sha ganin an naɗi kiɗan dattijo da waya a wurin biki, an ɗora a TikTok, dubbai sun kalla, shi ko goro bai samu ba. In za a gina wasa a kan gangar wani makaɗi na Tchaké, a rubuta yarjejeniya, a sa sunansa, a ba shi kasonsa. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, don irin wannan aka kafa ta. Galma da injin huɗa da tafiyar matasa ci-rani sun rage gayya, kuma makaɗin da ba a gayyatarsa gona ba zai koya wa ɗansa ganga ba. Wasan waya ba zai dawo da gayya ba, amma zai iya sa kiɗan ya kawo wa mai shi kuɗi.

Kada a ɗauka hanyar mai sauƙi ce. Hi-Fi Rush, wasan faɗa a kan kiɗa da ya fito a Janairun 2023, ya sha yabo ya ci kyaututtuka, amma a Mayun 2024 Microsoft ta sanar da rufe kamfanin da ya yi shi, Tango Gameworks na Japan, kafin Krafton na Koriya ta Kudu ya karɓe shi. Yabo daban, ciniki daban. Sai dai a Afirka ma an fara: Kiro'o Games a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Maliyo Games na Legas na yin wasanni tun 2012, a Yamai kuma Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi Les Héros du Sahel. Manhajar ƙera wasa ta Godot kyauta ce. Rajistar mai ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ɗora wasa a Steam kuma dala 100.

Waɗannan kuɗaɗe ba su fi ƙarfin 'yan'uwanmu da ke ƙetare ba, waɗanda ke da katin biya da kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi na da ilimin lissafi da lokacin hutu. Makaɗan kuma suna ƙauye, tafiyar 'yan awoyi daga jami'ar. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki na'urar naɗar sauti a damina mai zuwa, ya nemi inda ake gayya, ya nemi izinin mai ganga, ya fara da kiɗa ɗaya da mataki ɗaya. In ya gama ya miƙa wa yaran unguwa su buga, ya zauna ya saurari abin da za su ce, ko da ba zai yi masa daɗi ba.