Ƙuri'a 153 da Suka Tada Hankalin Ingila

A watan Yulin 1907 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Colne Valley, wani kwari mai cike da masaƙun ulu kusa da Huddersfield a yankin Yorkshire na Ingila. Sir James Kitson, attajirin da ya riƙe kujerar a jam'iyyar Liberal tun 1892, ya samu ƙarin girma zuwa majalisar masu sarauta, sai gurbi ya buɗe.

Mutum uku suka fito. Liberal ta tsayar da Philip Bright, ɗan shahararren ɗan siyasar nan John Bright, wato ɗan gidan da sunansa kaɗai ke jawo ƙuri'a. Conservative ta tsayar da Granville Wheler. Na ukun wani saurayi ne ɗan shekara 25 haifaffen Liverpool, Victor Grayson, wanda ya yi karatun zama mai wa'azin coci a Manchester kafin ya koma wa'azin gurguzu. Ba shi da kuɗi, ba shi da ubangida, ba shi ma da tikitin jam'iyyar Labour.

Maganar tikitin nan ita ce gishirin labarin. Tun 1903 Ramsay MacDonald na Labour da Herbert Gladstone na Liberal suka ƙulla yarjejeniya a asirce cewa ba za su riƙa raba wa juna ƙuri'a a wasu mazaɓu ba, kuma da taimakonta Labour ta samu kujeru 29 a babban zaɓen 1906. Jiga-jigan jam'iyyar ba su son abin da zai ɓata wannan tsari, ga shi yaron ba ya jin magana. Suka ƙi sa masa albarka. 'Yan gurguzun kwarin kuwa suka ce su dai shi suke so, suka tsayar da abinsu.

Grayson yana da baki. Yakan tsaya a ƙofar masaƙa lokacin tashi daga aiki, ya yi ta zuba, ma'aikata na dariya suna tafi. Mata masu fafutukar neman 'yancin zaɓe, har da Emmeline Pankhurst, sun shiga kwarin a lokacin yaƙin neman zaɓen, alhali ko mace ɗaya ba ta da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki, don sai 1918 aka fara ba wasunsu.

Da aka ƙirga, Grayson ya samu 3,648, Bright 3,495, Wheler 3,227. Tazara 153 kacal. Makonni biyu kafin nan Pete Curran na Labour ya ci zaɓen cike gurbi a Jarrow, don haka jaridun masu ra'ayin riƙau suka ɗauki abin da zafi, kai ka ce juyin juya hali ya iso bakin ƙofa. Magoya bayan Grayson ma haka suka ɗauka, sai dai su da murna.

Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Lissafin a fili yake: mutumin da aka ce ya girgiza ƙasa kashi 35 cikin 100 ya samu, kusan mutum biyu cikin uku ba shi suka zaɓa ba. Da mutum 77 sun sauya ra'ayi daga shi zuwa Bright, da labarin ya mutu a ranar. Zaɓen cike gurbi wuri ne da masu zaɓe ke huce haushinsu kan gwamnati ba tare da tsoron kifar da ita ba, kuma duk 'yan jarida da masu baki na ƙasa kan taru a mazaɓa guda, su mai da tsinke ya zama gungume.

A majalisa abin bai yi daɗi ba. Grayson ya ƙi bin umarnin shugabannin Labour, ya fi son yawon lacca a garuruwa da zaman kwamiti. A watan Oktoban 1908 aka dakatar da shi saboda ya dage sai an ajiye komai an tattauna rashin aikin yi. A nan gaskiya tana gefensa, don mutane na cikin yunwa. Amma bai samu ko abokan da za su mara masa baya ba, kuma shan giya ya fara cinsa. A babban zaɓen Janairun 1910 Charles Leach na Liberal ya karɓe kujerar, Grayson ya zo na uku.

Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin sojojin New Zealand, ya ji rauni, ya dawo Landan. A watan Satumban 1920 ya ɓace, ba a sake tabbatar da inda yake ba.

Kujerar Colne Valley ta shiga hannun Labour a 1922, ta hannun Philip Snowden, wanda a 1924 ya zama ministan kuɗi a gwamnatin Labour ta farko.