Agajin Da Ba Shi Da Rasit

Da wuya a sami babban gari a ƙasar nan inda ba a taɓa jin sunan Bama ba. Ba Bama ta Barno mu ke nufi ba, Bama ta can gabas, wadda masu mulkinta suka sake wa suna Myanmar a 1989. Can aka kai iyayenmu da kakanninmu yaƙin Japan cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka sha ruwan sama da cizon sauro a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunan barikin Kalapanzin na Kaduna da na Chindit na Zariya duk daga can aka zo da su. Saboda haka in mun ɗauko maganar ƙasar nan yau, kada a ce mun yi shisshigi.

Abin da ya sa muka ɗauko ta wata gardama ce da ta daɗe tsakanin masu ba da agaji na duniya. In masifa ta auka wa ƙasar da soja ke riƙe da ita da ƙarfin bindiga, ta hannun wa ya kamata a aika da taimako? Waɗansu sun ce ta hannun hukuma, ko da azzaluma ce, gama ita ke da hanya da sito da hatimi. Waɗansu sun ce a'a, ta hannun 'yan ƙasar da ke zaune waje da 'yan'uwansu na gida, ko da ba su da ofis, ba su da rasit. Mu dai a kan Bama muna tare da na biyu, kuma za mu faɗi dalili.

Mutanen Bama ba yawon duniya ya fitar da su ba. Janar Ne Win ya ƙwace mulki ran 2 ga Maris 1962, shekara 14 bayan Ingila ta ba su mulkin kai, tun daga nan masu ilmi suka fara sulalewa. Babbar fita kuwa sai 1988, sa'ad da soja suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, ɗalibai dubbai suka bi daji zuwa iyakar Tailan. Aka yi zaɓe a 1990, jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta ci kujera 392, soja suka ƙi sauka. Waɗansu zaɓaɓɓun wakilai suka gudu suka kafa gwamnatin gudun hijira. A 1992 aka buɗe gidan rediyon Democratic Voice of Burma a Oslo ta ƙasar Norwe, ana magana da mutanen gida da harshensu daga wannan uwa duniya. Wata likita, Cynthia Maung, da ta ƙetare iyaka da ƙafa, ta buɗe ɗan asibiti a Mae Sot a 1989, ya girma har ya zama madogarar masu gudu da 'yan ƙwadago. Bayan waɗannan masu suna akwai miliyoyin da ba a san sunansu ba, masu ɓare jatan lande a masana'antun Tailan, da magina, da masu aikin gida a Singafo da Malesiya, kowa na aika wa iyayensa abin da ya samu ƙarshen wata.

Ran 2 ga Mayu 2008 aka gwada kowa. Mahaukaciyar guguwa da a ke kira Nargis ta faɗa wa bakin kogin Irawadi, inda a ke noma mafi yawan shinkafar ƙasar, ruwan teku ya hau tudu cikin dare ya share ƙauyuka. Bisa ga lissafin gwamnatin kanta, mutum wajen 84,500 suka mutu, wajen 53,800 suka ɓace ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum miliyan 2.4 abin ya shafa ƙwarai. Waɗanda suka tsira ba hatsi, ba inuwa, tafkunan ruwan sha duk gishiri da gawa sun ɓata su.

To, me hukuma ta yi? Ta ce a kawo kaya, amma ba ta son masu kaya. Ma'aikatan agaji suka taru a Bankok suna jiran biza. Jiragen ruwan Amurka suka tsaya a teku kusa da gaɓa maƙare da kaya, har farkon Yuni suka gaji suka juya. Na Faransa ya sauke nasa a Tailan. Ana cikin wannan hali, ran 10 ga Mayu, kwana takwas bayan guguwar, aka kira jama'a su jefa ƙuri'a kan sabon tsarin mulkin da soja suka rubuta, aka ɗage ta zuwa 24 ga wata a wuraren da abin ya fi muni, sa'an nan aka yi shela wai fiye da 92 cikin 100 sun yarda. Sai ran 23 ga Mayu, da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya je da kansa wurin Janar Than Shwe, aka yarda baƙi su shiga. Mako uku ke nan. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai zawo ya san ba ya jira mako uku.

Cikin makonnin nan uku, waɗanda suka isa Bogale da Labutta da ƙauyukan bayansu mutanen ƙasa ne, 'yan kasuwar Rangun da ɗalibai da 'yan wasa da malaman addinin Buda, waɗanda suka buɗe gidajen ibadarsu ga masu gudu. Suka yi ta lodin shinkafa da gishiri da leda ta rufi a motoci da kwale-kwale. Kuɗin da suka sayi kayan nan, kashi mai yawa daga waje ya fito, daga 'yan'uwansu da suka yi karo-karo a Singafo da Bankok da Tokyo da London. Ba ta banki ya bi ba. Suna da wata hanya da su ke kira hundi, watau ka ba wani dillali kuɗi a inda ka ke, shi kuwa ya yi wa abokin cinikinsa na Rangun waya, kafin magariba an ƙirga wa ɗan'uwanka a hannu. Fatakenmu sun san irin wannan tun kafin banki ya zo, amana ce jarinta. Daga Mae Sot kuma ƙungiyoyin kan iyaka suka haɗa 'yan sa kai, suna shiga a ɓoye da magani.

Ladan da aka ba masu wannan aiki shi ya kamata a tsaya a kansa. Zarganar, mashahurin ɗan wasan barkwanci, ya tara 'yan sa kai ɗaruruwa suna rabon abinci, ya kuma gaya wa 'yan jaridar waje abin da idonsa ya gani. Aka kama shi ran 4 ga Yuni 2008, aka yanke masa shekara 59, daga baya aka rage zuwa 35, bai fito ba sai Oktoba 2011. An ɗaure waɗansu don sun tara gawawwakin da ke ruɓewa a gonaki sun binne. Wani mai ɗaukar hoto na gidan rediyon nan na Oslo, wanda ya ɗauki marayun guguwar, shekara 13 aka yanke masa. Saboda haka in wani ya ce wa mutanen Bama na waje su raba agaji da siyasa, sai mu tambaye shi, wa ya fara haɗa su? Wanda ya mai da buhun shinkafa laifi, ai shi ya sa siyasa cikin buhun.

Mun san abin da masu karatunmu za su ce, musamman malaman ofis, gama mu ma mun zauna bayan tebur. Za su ce kuɗin jama'a ba ya fita sai da takarda, da sa hannu, da mai duba lissafi, in ba haka ba ɓarayi sun sami gona. Gaskiya ne, ba mu raina wannan magana ba. Cikin masu tara kuɗi da sunan agaji ba a rasa macuta, a Bama ko a ko'ina. Amma a duba me a ke nufi da rasit. An ƙago shi don a tabbata abu ya isa ga mai shi. To, a ƙasar da sunan mai karɓa a takarda zai iya kai shi kurkuku, inda a ke rufe ajiyar mutum ta waya don ya aika wa masu gudu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, inda dokar Oktoba 2022 ta ce kowace ƙungiya sai ta yi rajista wurin soja ko a ɗaure shugabanninta, neman rasit irin na ofis ya zama miƙa wa mai bindiga jerin sunaye. Lissafi kuwa akwai shi, sai dai wani iri ne. Mai aikin gidan da ta aika da rabin albashinta za ta kira innarta ta tambaya ko shinkafar ta iso, in ba ta iso ba, kafin gari ya waye duk 'yan garinsu da ke Singafo sun ji, dillalin nan kuwa ya gama ciniki. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi. Bayan Janar Min Aung Hlaing ya ƙwace mulki ran 1 ga Fabrairu 2021, 'yan adawa suka kafa tasu gwamnati a Afrilu, a Satumba suka yi shelar yaƙi. Da suka fitar da takardun rance marasa ruwa a Nuwamban shekarar, an sayi na fiye da dala miliyan 6 a rana ta fari, yawancin masu saye kuwa na waje ne. Babu mai musun cewa wani abu daga kuɗin na waje yana zama harsashi. Kuma yana da sauƙi mutum ya zauna ƙasar sanyi yana zuga a yi yaƙi, alhali ɗan wani ne zai mutu. Wannan ya isa dalilin da zai sa mai bayarwa ya buɗe ido, ya zaɓi asibitin kan iyaka da ƙungiyar binne gawa da gidan ibada, waɗanda an san aikinsu shekara da shekaru. Bai isa dalilin da zai sa a koma hannun soja ba, gama su ma abin da ya shiga hannunsu ba sadaka su ke yi da shi ba. Su da kansu sun san darajar kuɗin na waje, shi ya sa a Satumba 2023 suka wajabta wa 'yan ƙwadago su aiko da 25 cikin 100 na albashinsu ta bankunan da hukuma ta yarda da su, bisa farashin canji da bai kai na kasuwa ba.

Ba kuma za mu rufe wa mutanen nan laifinsu ba. A 2017, da soja suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash, da yawa cikin waɗanda suka shekara talatin suna kukan zalunci a titunan Turai suka yi gum, waɗansu ma suka ce ƙarya ce. Da Gambiya ta kai ƙara kotun duniya, Aung San Suu Kyi ta je Hague a Disamba 2019 ta kare ƙasarta, har da masu ɗaga hotonta a bakin kotun. Sai da wutar ta iso gemunsu a 2021 waɗansu suka fito suka nemi gafara, gwamnatin adawa ta yi alkawarin ba Rohingya 'yancin ɗan ƙasa a Yunin shekarar. Alkawari ne, muna sauraron cikawa. Duk mai sa kuɗinsa a hannunsu yana da iko ya tambaya ko rabon na kaiwa ga kowa ba tare da an duba addini ba.

Tambayar nan ta taso da wuri. Ran 14 ga Mayu 2023 guguwar Mocha ta faɗa wa Sittwe, garin da sojojinmu suka sani da Akyab, a bakin kogin nan na Kaladan. Yawancin waɗanda suka mutu Rohingya ne da ke tsare a sansani. Cikin Yuni hukuma ta dakatar da iznin tafiya na ƙungiyoyin agaji, ga damina ta kama. Sa'an nan ran Jumma'a 28 ga Maris 2025, cikin azumi, ana shirin salla, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.7 ta auka wa Mandale da Sagaing. Masallatai suka rufta da masallata, waɗansunsu tsofaffin gine-gine ne da aka daɗe ana hana iznin gyaransu. Hukuma ta ƙirga matattu fiye da 3,700. Wannan karo ta nemi taimakon duniya da bakinta, mun shaida mata wannan. Amma jiragenta ba su bar jefa bom ba, har bayan ta yi shelar tsagaita wuta ran 2 ga Afrilu, kamar yadda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana. Ran 1 ga wata kuwa sojojinta sun yi harbi a kan ayarin motocin Red Cross na ƙasar Sin, ƙawarsu ke nan, suka ce wai gargaɗi ne.

Abin da mu ke roƙon manyan ƙasashe da ƙungiyoyin da ke riƙe da asusun agaji shi ne su ware kaso mai kauri su bi da shi ta iyakar Tailan da ta Indiya, ta hannun ƙananan ƙungiyoyin mutanen ƙasa, su kuma sassauta sharuɗɗan takarda. In dole sai an ga shaida, a karɓi hoton buhuna da maganar limamin unguwa ko shugaban gidan ibada, a bar sunayen masu karɓa inda su ke. Gwamnatin Tailan kuma, wadda mutanen nan ke yi wa aiki a masana'antu da jiragen kamun kifi, ta bar magani da shinkafa su ƙetare kogin Moei a fili, maimakon a riƙa fakon dare.