Hatsarin motar haya a hanyar Dutsin-Ma da Kurfi: wa ake yafe wa idan an ce an yafe?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san yadda lamari yake ƙarewa idan motar haya ta yi hatsari. A kwashi waɗanda suka ji rauni zuwa babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, wanda karayarsa ta yi tsanani a wuce da shi Katsina, wani lokaci har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bayan kwana biyu shugabannin tasha su zo dubiya tare da mai motar, a ajiye ɗan abin da ya samu, dattawa su ce ƙaddara ce, a yafe. Daga nan ɗawainiyar magani ta koma kan iyalin majinyaci, a sayar da akuya, a jinginar da gona.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a idon doka fasinjan motar haya ya fi kusan kowa ƙarfin hujjar neman diyya. Dokar inshorar motoci ta 1945, wadda wata sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta wajabta wa duk mai abin hawa ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya jikkata ko iyalin wanda ya mutu. Dokar ba ta tilasta a sanya wanda aka rage wa hanya kyauta a cikin wannan kariya ba, amma ta tilasta a sanya fasinjan da ya biya kuɗin mota. Wato kuɗin da ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta miƙa wa ɗan kamasho a tasha ya riga ya saya mata haƙƙi, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Akwai kuma bambanci na biyu. Idan direban da aka ɗauka aiki ya yi ganganci a bakin aikinsa, alhakin yana hawa kan ubangidansa. Saboda haka wanda ya ji rauni yana iya neman direba, ya nemi mai mota, sannan kamfanin inshora ya biya abin da kotu ta yanke. Direba sau da yawa ba shi da komai sai lasisinsa, amma mai motoci biyar da kamfanin da ya karɓi kuɗinsa suna da abin biya.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin wannan inshora. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, manyan motocin dakon kaya 100,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000. Naira miliyan uku da ake yawan ambata a kan motar gida iyakar diyyar dukiyar da aka lalata ce. Rai da rauni ba a yanka musu irin wannan iyaka ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar a faɗin ƙasa. Direbobi sun ji wannan a jikinsu a shingayen hanya. Ko fasinjoji sun ji shi a gadon asibiti, wannan wata magana ce.

A ganina haƙƙin yana salwanta ne tun a tasha, kafin mota ta tashi. Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke jigila tsakanin garuruwan nan motocin gida ne da aka mayar na haya, kuma takardar inshorarsu ta motar gida ce. Ranar da aka yi hatsari kamfani zai ce bai yi yarjejeniyar ɗaukar fasinja da kowa ba. Wasu takardun ma na bogi ne, an saye su ne domin a nuna wa jami'i a wuce. Sannan ga lodi: mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da na cikin but, a motar da aka ƙera domin fasinja huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya ba kamfani abin jayayya. Mafi muni shi ne halin masu hawa saman kaya a manyan motoci ranar kasuwa, domin inshorar motar kaya ba ta san da zamansu ba. Ba ganganci kaɗai ke sa mutane hakan ba. Tsadar mai da fargabar kada dare ya riske su a hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba suna cikin lissafi. Sai dai kamfanin inshora ba ya duba uzuri.

Tsarin balas ma yana dagula lamarin. Idan direba yana kai wa mai mota ƙayyadadden kuɗi kullum, ko yana biyan motar kaɗan-kaɗan har ta zama tasa, mai motar yana iya cewa shi haya ya bayar, direban ba yaronsa ba ne. Ba rubutu, ba shaida. Ga kuma rajistar fasinjoji, wadda ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 suka wajabta wa motocin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa. Wanda ya tari mota a bakin hanya a Birchi ba sunansa a ko'ina, kuma sai ya fara tabbatar da cewa yana cikin motar kafin a zo maganar rauni. Idan motar ta hukuma ce, akwai wani tarkon: dokar kare jami'an gwamnati tana iya rufe ƙofar ƙara bayan wata uku kacal, lokacin da mai karaya a cinya bai ma ajiye sanda ba.

Sai batun yafiya, wanda ya fi kowanne nauyi. Babu mai hankalin da zai raina ta. Ita ce ke hana hatsari ya zama gaba tsakanin gidajen da ke sallah a masallaci ɗaya. Amma ya kamata a tambaya: wa aka yafe wa? Idan motar tana da inshora ta gaskiya, kuɗin ba daga aljihun direba zai fito ba. Iyalin da suka ce sun bar wa Allah, a zahiri sun bar wa kamfani ne a Legas ko Abuja kuɗin da ya riga ya karɓi ladan ɗaukar nauyinsa. Musulunci kansa ya tanadi diyya a kisan kuskure, kuma malaman fiƙihu sun ɗora ta a kan dangin wanda ya yi kuskuren domin kada ta murƙushe mutum ɗaya. Masu ƙyamar inshora saboda riba kuwa, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanonin da ke aiki da su. Ana iya yafe wa direba laifinsa, a kuma bi haƙƙin marayu a wurin kamfani.

Abin da ke hannun fasinja kaɗan ne, amma yana da amfani: lambar mota, rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, rasit na kowane magani, da sanar da kamfanin inshora da wuri. Ana iya duba sahihancin inshorar mota ta waya a rumbun bayanan NIID da lambar motar kawai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Sauran aikin na masu iko da tasha ne. Ƙungiyar NURTW tana karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi, don haka tana da ikon hana motar da ba ta da inshorar haya shiga layi. Hukumar KASSAROTA ta jihar Katsina tana iya mayar da bincikenta daga kan titi zuwa bakin tasha, inda gyara ya fi sauƙi. Ɗaliban jami'ar da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, waɗanda su ne ke cika motocin nan a farkon zango da ƙarshensa, suna da yawan da za su sa ƙungiyoyinsu su zauna da shugabannin tashar Dutsin-Ma a kan sharaɗi biyu: rajistar fasinja kafin tashi, da lambar inshora manne a gilashin mota.