Katin bashi ya ɗaure Amurkawa, ga irinsa nan ya iso kasuwanninmu ta wayar salula

A watan Agustan 2023, reshen babban bankin Amurka da ke birnin Niyok ya bayar da sanarwar cewa bashin da ake bin mutanen ƙasar ta hanyar katin bashi ya haura dalar Amurka tiriliyan 1, wato biliyan dubu, karo na farko a tarihi. Zuwa ƙarshen 2024 ya kai tiriliyan 1.2. Kuɗin ruwan da bankuna suka riƙa ɗorawa a kan wannan bashi cikin waɗannan shekaru biyu kuwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. Lamarin ya yi ƙamari har a watan Fabrairun 2025 wasu sanatoci biyu da ba su cika shan inuwa ɗaya ba, Bernie Sanders da Josh Hawley, suka haɗu suka gabatar da ƙudurin doka na neman kada ruwan ya wuce kashi 10.

Mai sayar da wake a Maraɗi ko dillalin shanu a Maigatari yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe katin bashi ba. Gaskiya ne. Sai dai irin wannan bashi, mai sauƙin ci, mai ƙaruwa da kansa kowane wata, ya riga ya shigo kasuwanninmu ta wata ƙofa, wato wayar salula. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Don haka ya kamata mu san yadda wannan tarko ya kama Amurkawa, da kuma dabarun da suke bi su kuɓuta.

Da farko dai mu bambanta abu biyu. Katin da yawancinmu muke da shi, wanda muke sakawa a na'urar banki ko a wurin mai POS, kuɗinmu ne yake cirowa. In asusu ya ƙare, kati ya tsaya. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki ne mutum yake kashewa har zuwa wata iyaka da aka yanka masa. An fara shi a Amurka a 1950 da katin Diners Club, sannan a 1958 Bank of America ya fito da nasa, wanda daga baya ya zama Visa. A ƙarshen wata ana aiko wa mutum takardar abin da ya ci. In ya biya duka kafin ranar da aka tsayar, babu ruwa. In bai iya ba, sai a ce ba komai, ya biya ɗan wani abu kaɗan, sauran ya tsallaka wata mai zuwa da ruwa a kansa. A wannan ɗan ƙaramin biya ne tarkon yake.

Mu yi lissafin da kuɗinmu na sefa. A ce mutum ya ci bashin jika 500, ruwan kuma kashi 2 cikin ɗari ne a wata, wato 24 a shekara. Ruwan watan farko jika 10 ke nan. In yana biyan jika 12 da rabi kowane wata, jika 2 da rabi kacal ke taɓa uwar kuɗin, sauran duk ruwa ya sha. A haka sai ya yi kusan shekara 7 yana biya, kuma kafin ya gama ya ba da sama da miliyan 1, ninki biyu na abin da ya karɓa. Amma in ya daure yana biyan jika 25 a wata, cikin wata 26 ya gama, abin da zai fita daga aljihunsa kuma bai wuce jika 645 ba. Bashin ɗaya ne, ruwan ɗaya ne, bambancin kawai lokacin da aka bari bashin ya kwana. Saboda ganin yadda mutane ba su lura da wannan ba ne, a 2009 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa bankunan Amurka su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in ƙaramin biya kawai yake yi, da abin da zai riƙa bayarwa in yana son ya gama cikin shekara 3.

To yaya aka yi abin ya iso gare mu? Idan ba a manta ba, a farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a Nijeriya, har ta kai dattawan da ba su taɓa yarda da banki ba suka buɗe asusu a waya don su samu su sayar da kayansu. Tun daga Illela da Birnin Ƙonni har Jibiya da Ɗan Isa, ciniki ya koma na tura kuɗi ta salula. Wanda ya buɗe asusu a waya kuwa, bai daɗe ba sai ya fara ganin saƙo: ga rance nan take, ba jingina, ba mai tsaya maka. Danna sau biyu ko uku, kuɗi sun shigo. In ya biya a kan lokaci, a ƙara masa iyaka. Wannan shi ne katin bashi, an dai cire masa roba ne kawai. Wani lokaci ma ya fi na Amurka zafi, domin masu ba da rancen waya kan faɗi ruwansu a wata ko a mako. Kashi 10 a wata yana da sauƙin ji a kunne, amma a shekara 120 ke nan, in kuma ana ɗora ruwa a kan ruwa, bashin ya ninka fiye da sau uku kafin shekara ta zagayo.

Gwamnatoci ma suna son harkar ta bunƙasa. A 2024 gwamnatin shugaba Bola Tinubu ta kafa hukumar CREDICORP don sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya bashi, da hujjar cewa hakan zai motsa kasuwa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai darasi a Koriya ta Kudu. Bayan rikicin tattalin arzikin 1997, gwamnatin ƙasar ta ƙarfafa wa jama'a amfani da katin bashi, kamfanoni suka riƙa raba shi ba tare da duba ko mutum zai iya biya ba. A 2003 mutane sama da miliyan 3 suka kasa biya, babban kamfanin katin ƙasar, LG Card, sai ceto shi aka yi.

Mu ƴan kasuwa ba baƙin bashi ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da shi kasuwa ke tafiya. Yaro yakan ɗauki kaya wurin maigidansa a Kano ko Damagaram, ya sayar, ya kawo kuɗi. In ruwan sama ya tare hanya ko kasuwa ta yi sanyi, sai ya je ya zauna gaban Alhaji ya yi bayani, a ɗaga masa ƙafa, buhu goma kuma yana nan buhu goma. Bashin kati da na waya ba su san wannan ba. Agogo suke bi, ba su jiran kasuwa ta ci.

Mu da ke zaune kan iyaka mun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, lokacin da aka fara buɗe Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A watan Oktoban 2024 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa ƙetare in ban da Mali da Burkina Faso. Duk wanda kayansa suka maƙale a wannan rufewa ta 2023 da bashin jika 500 a wuyansa, ruwa kaɗai ya ci masa sama da jika 70 alhali bai sayar da ko tiya ɗaya ba, shi ma in ruwan kashi 2 ne. Ga kuma canji. Dalar Amurka da ke kusan naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024, yayin da sefa take ɗaure da kuɗin Turai. Wanda ake bi sefa amma cinikinsa na naira ne, bashinsa ya yi nauyi ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba.

Sai kuma ranar biya. Wasu masu rancen waya sun riƙa kwashe lambobin da ke cikin salular mutum, in ya makara su aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙon cewa macuci ne. Ga ɗan kasuwa, wanda sunansa shi ne rabin jarinsa, wannan ya fi asarar kuɗi ciwo. Hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta masu yin rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan mutane, a 2025 kuma hukumar ta fito da sababbin ƙa'idoji masu tarar da ta kai naira miliyan 100. Kada dai wannan ya sa wani ya ɗauka ana iya ci a gudu. Tun Agustan 2020 babban bankin Nijeriya ya fito da tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun mutum na wani banki in ya ƙi biya. A ɓangarenmu na ƙasashen sefa kuwa, a 2014 an yanka iyakar ruwa kashi 15 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun ba da rance. Duk wanda aka ce masa kashi 10 a wata, ya auna da wannan ma'auni ya gani.

Ga wanda ya riga ya shiga, hanyar fita ba ta da wani sirri, sai dai tana son haƙuri. Abu na farko, ya samu takarda ya rubuta duk wanda ke binsa, nawa ne, ruwan nawa ne a wata, yaushe ne ranar biya. Mutane da yawa tsoron ganin jimlar ne ke hana su, alhali bashin da ba a ƙirga ba shi ya fi girma a zuciya. Na biyu, ya rufe ƙofa: ba sabon rance, musamman cin bashin wannan manhaja don a biya waccan, domin haƙa rami ne a cike wani. Na uku, ya ba kowane mai binsa mafi ƙarancin abin da zai hana tara, sannan duk abin da ya rage ya zuba shi a kan bashi guda har ya mutu, ya koma na gaba.

A kan wanne za a fara kashewa ne masu ba da shawara a Amurka suka rabu biyu. Wasu sun ce a fara da mai ruwa mafi tsada, domin shi ke cinye kuɗi. Wasu sun ce a fara da mafi ƙanƙanta, domin ganin an goge suna ɗaya daga takarda yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. A ganinmu, ga ɗan kasuwa wanda ya saba da lissafi, ta farko ta fi. Rancen waya mai kashi 10 a wata shi ne zai fara tafiya, kafin na banki mai kashi 2. Bashin maigida da ba ya da ruwa yana iya jira, da sharaɗin a je a same shi ido da ido a faɗa masa gaskiya, kada ya ji a bakin wani.

Akwai kuma shawarar da ta fi ɗaci, wato sayar da abin da aka ɓoye. Mai ajiye wake daga kaka zuwa bazara da kuɗin rance mai kashi 10 a wata, cikin wata 6 ruwa ya ci kashi 60. Sai farashi ya tashi fiye da haka, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari, kafin ya ga ko dala ɗaya ta riba. Waɗanda suka ɓoye hatsi a Nijeriya suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya faɗi a 2025. Sau da yawa sayar da rabin kaya ko rago biyu yau a kashe bashi ya fi jiran kasuwar da ba a da tabbacinta. Haka nan kwasar adashe, gara ta tafi can da ta tafi biki. Ya kuma kamata a raba aljihun gida da na shago, domin bashin da aka ci aka sayi kaya yana da inda zai fito, wanda aka ci aka yi suna ko aka sauya babur kuwa daga jari za a biya shi.

Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan kuɗin ruwa, kuma akwai bankunan da ba su aiki da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a Nijeriya a 2012 da bankin Musulunci na Nijar. Ko a can ma, wajibi ne mutum ya yi tambaya guda kafin ya sa hannu: jimla nawa zan biya, kuma me zai faru in na makara? Wanda ya kasa ba ka amsa da adadi ɗaya, ka bar masa kuɗinsa.

Muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu da su tilasta wa masu ba da rance rubuta wannan jimla da Hausa, a fili, kamar yadda dokar 2009 ta tilasta wa bankunan Amurka. Shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan dillalai su ma suna da nasu aikin: su zaunar da yaransu su koya masu lissafin ruwa a wata kamar yadda suka koya masu lissafin canji. Wanda ya iya juya naira zuwa sefa a ka ba tare da alƙalami ba, wannan lissafi ba zai gagare shi ba. Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya sa albarka a kasuwa.