Mai Sayar Da Motar Daji, Faɗi Aibinta

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka bar mini ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama maganar da na zo da ita yau a kaina ta faru, ba labari aka ba ni ba. Sau da yawa na kan ɗauko laifin waɗansu in baje shi a faifai. To, masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau nawa tudun zan nuna muku.

Waɗanda suka san ni sun san ina da wata tsohuwar akori-kura ƙirar Japan, mai shan man gas, wadda ke ja da ƙafafunta huɗu duka. Ta hannu na saye ta, sa'ad da na ke aikin gona da duba rijiyoyi a arewacin ƙasar Yobe, tsakanin Gashuwa da Yusufari da Gaidam. Wanda bai san ƙasar nan ba, in gaya masa, da rani tuddan rairayi ne masu haɗiye taya, da damina kuwa taɓon fadamun kogin Yobe ne. Motar da aka yi domin kwalta ba ta kai mutum ko ina a can.

Saboda haka na shiga yi mata ƙare-ƙare. Na sa aka canja sifirin, aka ɗaga ta inci 3 bisa yadda maƙeranta suka yi ta. Na cire tayoyinta na asali masu tsayin inci 30 da rabi, na sa manya masu inci 33. Na sa mai walda ya ƙera mata garkuwar ƙarfe a goshi, aka ɗaura mata na'ura mai igiyar ƙarfe wadda ke jawo mota in ta kafe. Aka ƙara mata tanki na biyu mai cin lita 100, aka kuma ɗaga bututun da inji ke shaƙar iska da shi har ya kai rufi, saboda ƙura da ruwa. Da aka gama, in na shiga gari sai yara su bi ta da kallo, ni kuwa ina ciki ina jin daɗi. Shekara 7 tana yi mini aiki, ba ta taɓa bari na kwana a daji ba.

Irin waɗannan motoci sun yi suna a ƙasashen rairayi, ba kuwa a banza ba. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, ya fito da mai ja da ƙafa huɗu a 1979. A 1987 sojojin Cadi suka hau akori-kura na wannan kamfani suka kori sojojin Libiya masu tankokin yaƙi daga Fada da Wadi Dum, har Turawa suka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Sunan nan da irinsu suka yi shi ya sa in ka kai tsohuwa kasuwa ba ka rasa mai tayi. Shi ne kuma ya sa mai saye ya kan saki jiki, ya ga tsayi da manyan tayoyi ya ɗauka duk ƙarfi ne aka ƙara.

Da shekaru suka ja, na daina shiga daji, sai na yi niyyar sayar da ita. Na zauna na lissafa abin da motar za ta yi a kasuwa, sa'an nan na ɗora kuɗin ƙare-ƙaren nan bisa kai, su kuwa sun kusa rubu'in kuɗin motar. Na kira wani dillali na faɗa masa. Ya zaga motar sau biyu, ya yi dariya, ya ce, "Malam, kwalliyar nan ba za ta biya kuɗin sabulu ba." Na ce, "Ina dalili?" Ya ce, "Kai ka ga ado, mai saye kuwa shaida ya gani. Da ya ga garkuwar nan da tayoyin nan ya san motar ba gidan biki ta ke zuwa ba, wahala ta sha. Mutumin birni wadda ba a taɓa ba ya ke so. Ina tayoyinta da sifirin ɗinta na asali? Da ka ajiye su da mun mayar mata, mun sayar da waɗannan dabam." Ni kuwa na daɗe da kyautar da su. Wannan shi ne karatun farko da na yi, na kuwa yi shi da tsada.

Karatu na biyu ya fi wannan nauyi. Motar da ta fito daga hannun maƙeranta, ko wane makaniki ya san halinta. Amma wadda aka canja wa halitta, mai ita kaɗai ya san abin da ta zama. Ga abin da na sani game da tawa, wanda mai tayi ba zai gane ba ko ya yini yana zaga ta.

Na ɗaya, agogonta ba ya faɗin gaskiya. Agogon mota juyin taya ya ke ƙirgawa, babbar taya kuwa ta fi ƙarama cin ƙasa a ko wane juyi. Tsakanin inci 30 da rabi da inci 33 akwai bambancin kamar 8 cikin 100. Watau in allura ta nuna gudun kilomita 100 a awa, motar tana yin 108 ne. In lissafin tafiya ya nuna ta yi kilomita 100,000 tun da aka sa tayoyin, ta yi 108,000 ne. Babbar taya har wa yau ta kan ƙara wa birki aiki, ta ci boris, ta ƙara shan mai.

Na biyu, ba ta iya ɗaukar kayan da takarda ta ce tana ɗauka. Irinta an yi su ne su ɗauki kamar tan ɗaya, har da direba da mutanen da ke ciki. Garkuwata da na'urar ja sun kai kilo 90. Lita 100 na man gas kilo 84 ne, ban da nauyin tankin kansa. Ashe tun ba a ɗora mata buhu ko ɗaya ba na riga na cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta.

Na uku, shi ne mafi muni, tana da saurin karkata. Ko wane abu in nauyinsa ya yi sama ya fi saukin kifewa, ko yarinya mai tallan tulu ta san wannan. Wata rana a gefen wani tudun rairayi na ji ƙafafunta biyu sun tashi daga ƙasa, sai Allah ya kiyaye. Tun daga ran nan ban ƙara shan kwana da gudu ba, ban ƙara ɗaura kaya ya wuce rufi ba.

Na huɗu, shasinta ya taɓa tsagewa kusa da inda sifirin baya ya ke kamawa, saboda lodin siminti da na yi mata a kan mugunyar hanya, aka yi masa walda. Wata damina kuma na ratsa ruwa da ita, ruwa ya shiga man aksul har ya koma fari kamar nono, ban lura ba sai bayan kwanaki. Laifin waɗannan duka nawa ne, ba na maƙeranta ba.

Na faɗa wa dillali duk wannan. Ya ce, "Malam, wa ya tambaye ka? Mu wanke ƙarƙashinta, mu shafa baƙin fenti a kan waldar, shi ke nan. Ai ba ƙarya ka yi ba, shiru ka yi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, na bari ya shafa fentin. Ina tsaye aka shafa.

Bayan kwana uku sai ga wani saurayi ya zo tare da kawunsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, na daɗe ina yaron mota, yanzu na sayar da shanun gadona ina so in tsaya da ƙafata. Zan riƙa kai 'yan kasuwa ƙauyuka ran kasuwa." Ya shafa tayoyin nan, fuskarsa cike da murna. Suka yi tayi kusa da abin da na nema, muka rabu a kan gobe za su kawo kuɗi.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Gama na san yadda a ke lodin motar kasuwa: buhuna a ƙasa har su wuce rufi, awaki a gefe, sa'an nan mata da tsofaffi su hau can bisa kan kaya. Na dinga ganin motar nan a gefen tudu, ƙafa biyu a sama, yaro yana riƙe da sitiyari bai san halinta ba. Na kuma tuna da karatun da muka yi a zaure. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana ɓoye aibin kaya, har da abin da faɗinsa zai rage kuɗi, an kuma ba mai saye ikon mayar da kaya in ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. To, amma wanda mota ta kife da shi, da wane hannu zai mayar da ita? Maganar rariya kuwa da dillali ya kawo, ai rariya ƙofofinta a fili su ke. Wanda ya liƙe ƙofofin da fenti ya miƙa wa mutum, ƙwarya ya ce masa ya sayar.

Da gari ya waye suka zo da kuɗi. Na ce wa yaron, "Ɗana, ajiye kuɗin tukuna, karɓi tocila." Muka shiga ƙarƙashin mota, na kankare fentin da ƙusa na nuna masa waldar. Na faɗa masa zancen agogo, da na nauyi, da na ruwa, da abin da ya same ni a gefen tudu. Na ce masa, "Motar nan ta mutum biyu ce da kayan aiki. In mutane za ka ɗora, nemi wadda ba a ɗaga ba." Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, don ya riga ya sa rai. Kawunsa ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Suka ɗauki kuɗinsu suka tafi. Dillali kuwa, da ya ga la'adarsa ta bi iska, ya yi mako biyu ba ya amsa mini gaisuwa.

Motar ta ƙara wata biyu a ƙofar gida tana shan rana. Daga baya wani mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya zo da makanikinsa. Na faɗa musu abin da na faɗa wa yaron, ban rage ko ɗaya ba. Suka duba ƙarƙashinta, suka buɗe man aksul, suka gwada ta a kwalta da rairayi. Ya rage kashi ɗaya cikin biyar na abin da yaron ya taya, na ce na sallama. Shi aikinsa irin nawa ne na dā, ya san abin da ya saya, ya kuma ce zai sa a ƙarfafa shasin kafin ta shiga daji.

Saura magana ɗaya, ita ce ta takardu. Muka rubuta takardar ciniki da lambar shasi da lambar inji, muka lissafa dukan abin da aka canja da dukan aibin da na faɗa, shaidu biyu suka sa hannu, ko wannenmu ya riƙe tasa. Na miƙa masa takardar kwastan da ta mallaka da lasisi da inshora, ban kuwa ba shi mabuɗi ba sai da muka je ofishin lasisin motoci aka mayar da sunansa. Kada wani ya ga kamar tsanani ne. Motar da ke iya barin hanya ta ratsa daji, ba mutanen kirki kaɗai ke nemanta ba. In aka kama ta da mugun kaya ko da mugayen mutane, sunan da ke cikin littafin hukuma shi za a bi, kai kuwa kana gida kana alwala za a zo a yi sallama da kai. Wanda ya zo da kuɗi a buhu ya ce ba ya son zuwa ofis, ka ce masa albarka.

Wataƙila wani zai ce Malam yabon kansa ya ke yi. Ina abin yabo ga mutumin da ya tsaya aka shafa fenti a gabansa? Da wani mai kuɗi ne ya fara zuwa, wanda bai faɗa mini abin da zai yi da motar ba, wallahi ban san abin da zan yi ba. Kuɗin da na rasa kuwa har yanzu in na tuna na kan ji zafinsu, gama na yi niyyar gyaran rufin ɗaki da su, rufin kuwa yana nan yana jira.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu irin wannan mota. In za ku ƙara mata wani abu, ku ajiye na asali, ku ajiye rasit, ku kuma sa a ranku cewa kuɗin nan amfani za ku ci da su, ba za su komo ran sayarwa ba. Ran da kuka tashi sayarwa ku tambayi mai saye aikin da zai sa ta, ku faɗi aibinta tun kafin a yi tayi. Ku kuma masu saye, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku zo da makanikinku da tocila, ku shiga ƙarƙashinta, ku tambayi abin da aka canja da wanda ya canja shi, in kun ga sabon fenti a jikin tsohon shasi ku sa ƙusa.

Allah ya tsare mu da cin haram, ya kai matafiya gida lafiya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malamin Gona.