Kada Mu Saki Auduga, Kada Kuma Mu Yi Gaggawa

'Yan'uwa manoma na Batsari da Safana, duk wanda ya kai takin juji gona bana ya ga abin da muka gani. Tsumman gwado da na fari saƙi sun ruɓe sun zama ƙasa, amma tsumman yadin roba yana nan yadda aka yar da shi, yana sarƙe garma, awaki suna haɗiya. Daga man fetur ake yin zarensa, shi ya sa ƙasa ba ta cinsa. Yau fiye da rabin zaren da ake yi a duniya irin wannan ne.

Abin ya dami ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, har masanansu suna neman zaren da zai ruɓe. A Japan, kamfanin Spiber ya gyara halittar waɗansu ƙananan ƙwayoyi, yana ba su sukari, su kuma su fid da abin da ake kaɗawa ya zama zare. A 2019 aka sayar da rigar sanyi da aka yi da shi. To, abin da suke nema da kuɗi mai yawa, mu a gonarmu yake tsirowa, shi ne auduga.

Amma mun yi sake da ita. An rushe Hukumar Auduga a 1986. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, gwanjo da yadin waje suka cika kasuwa. Tsutsa ta ci ƙwallo, kuɗin feshi ya ci riba, 'yan bindiga kuma suka raba da yawanmu da gonakin da ke wajen Dajin Rugu.

A 2018 gwamnati ta amince da iri biyu na auduga da aka gyara halittarsu, waɗanda ake kira Bt. Kamfanin Mahyco ne ya samar da su tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Shukar da kanta take kashe tsutsar da ke huda ƙwallo, don haka feshi yana raguwa. Audugarta kuwa tana ruɓewa kamar kowace auduga.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata mu sani. Na farko, irin haɗe ne, ba a ajiye anguryarsa a shuka baɗi, kowace shekara sai an saya, kuma yana son taki. Na biyu, Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008, ta daina a 2016, domin gashin audugar ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwa. Irinsu daban ne da namu, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta ware eka ɗaya kusa da gari, inda mata da matasa za su iya zuwa lafiya. A shuka sabon iri a rabi, irin Samcot da muka saba a rabi. Magatakarda ya rubuta kuɗin iri, taki, feshi da ƙwadago, a auna abin da kowane rabi ya bayar. A kai samfur wurin masu gurza a Funtua ko Malumfashi, a ji farashin da za su saya tun kafin a faɗaɗa. Kada kowa ya ci bashi a kan irin da bai gwada ba.

In lissafi ya nuna riba, baɗi mu ƙara, mu haɗa kuɗi mu sayi iri tare, mu sayar da auduga tare. In bai nuna ba, rabin eka kaɗai muka yi hasara. A kawo maganar nan a taron ƙungiya na wannan wata, tun damina ba ta kama ba.